Na mayar da motar haya bayan shekara biyu, an aiko mini da lissafin ɓarna na naira 1,180,000: ta ina zan fara?

Abu Hanan, Kubwa:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar mota da waɗanda suka san doka, kuma zan kawo maganar yadda take, har da inda nake ganin ni ne mai laifi.

A ƙarshen watan Maris na 2023 na karɓi hayar wata Toyota Corolla ƙirar 2013, 'yar Kwatano, daga wani kamfanin bayar da hayar motoci da ke Wuse, bisa yarjejeniyar shekara biyu, ina biya wata-wata. Aikina awon filaye ne, kwangilar da na samu a lokacin kuma ta shekara biyu ce tsakanin Kuje da Gwagwalada, shi ya sa na ga haya ta fi mini sauƙi a kan in zuba jarina duka cikin sayen mota. Kafin su miƙa mini makulli sai da na ajiye naira 400,000 kuɗin ajiya, na bar musu cekin banki da sa hannuna amma babu adadi a jiki, sannan yayan matata, wanda ma'aikacin gwamnati ne, ya tsaya mini a matsayin garanto.

Na mayar da motar ranar Juma'a 28 ga Maris, 2025, bayan an sauko daga masallaci, ana saura kwana biyu ƙaramar Salla. Na tarar manajan ya riga ya tafi gida, sai wani matashi mai kula da harabar da ake ajiye motocin. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya buɗe but ya ga safaya taya da jek, ya ce da ni, "Alhaji, ai motar nan lafiyarta ƙalau." Ya rubuta lambarta a wani babban littafi, na sa hannu, na ba shi makulli, na hau tasi na koma gida. Ban karɓi ko guntuwar takarda ba, ga azumi ga gajiya, hankalina yana kan cefanen Salla. Abin da na yi kawai shi ne ɗaukar hoton allon gaban direba da wayata, don in nuna na bar mai rabin tanki kamar yadda na karɓa.

Ranar 8 ga Afrilu, wato bayan kwana goma sha ɗaya, sai ga wasiƙa. Sun ce injiniyansu ya duba motar, ya sami gilashin gaba a tsage, kuɗinsa naira 150,000; tayoyi huɗu sun suɗe, naira 340,000; ƙofar baya ta dama tana buƙatar gyaran bodi da fenti, naira 220,000; bambar gaba naira 130,000; shok biyu na gaba naira 190,000; kwamfuresar esi kuma naira 150,000. Jimla naira 1,180,000. Sun riƙe kuɗin ajiyata, suna neman cikon naira 780,000 cikin mako guda, in ba haka ba za su cike cekin su kai banki, su kuma rubuta wa garanto ta ofishinsa. Wanda ya kira ni a waya daga bisani har sunan 'yan sanda ya ambata.

Gilashin dai ni na san tarihinsa: wata tifa ce ta watso mini tsakuwa a hanyar Gwagwalada cikin daminar bara, tsagar ta fara kamar tsawon ɗan yatsa, ta yi ta tafiya. Bambar ma akwai ƙwarzanen da wani mai keke ya yi mini a bakin kasuwar Kubwa, amma ƙwarzane ne, ba karaya ba. Ƙofar baya kuwa, Allah ne shaidata, ba a taɓa buge ta a hannuna ba, kuma esi yana sanyi har ranar da na ajiye motar. Yarjejeniyar ta ce in mayar da mota cikin kyakkyawan yanayi, ban da lalacewar da amfani na yau da kullum ke jawowa, amma babu layi ɗaya da ya fayyace inda wannan lalacewar ta tsaya da inda ɓarna ta fara.

Shin suna da ikon yanke mini wannan lissafi a bayan idona? Kuma me zan yi game da cekin, tunda shi ne ya fi hana ni barci, shi da kunyar surukina?

Mai Bodi, Apo:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya kawo mafita. Ni aikina gyaran bodi ne da fenti, na haura shekara ashirin ina yi, don haka zan tsaya a kan abin da hannuna ya sani.

Maganar ƙofar ita ce mafi sauƙin warwarewa, domin ƙarfe ba ya ƙarya. Da yawa daga cikin motocin da ake shigo da su daga Amurka sun taɓa yin hatsari a can, a nan ake miƙe su, a shafe wurin da fila, wato ƙullun da ake cike lotsawar ƙarfe da shi, a fesa fenti, wanda bai sani ba ya ɗauka sabuwa ce fil. Bayan shekara biyu ko uku a zafin Abuja, filar takan bushe ta fara daddarewa kamar bayan kududdufi a watan bazara, fentin ya kumbura, mai kallo ya zaci bugu ne. Ka sami ƙaramin maganaɗisu, ka naɗe shi da ƙyalle don kada ya ƙarci fenti, ka bi jikin ƙofar da shi a hankali. Inda ƙarfe ne zalla za ka ji ya kama sosai, inda aka cika fila kuwa zai saki ko ya faɗi. Akwai kuma na'urar auna kaurin fenti, dillalan mota da yawa suna da ita, tana nuna bambancin a lamba. Sabon bugu yana barin ƙarfe fari tas a ƙarƙashin fentin da ya ɓare. Tsohon aiki kuwa in aka ɓanɓare shi za a ga tsatsa da launin tsohon fenti a ƙasa.

Tayoyin ma suna ɗauke da shekarunsu a jiki. A gefen kowace taya, bayan haruffan DOT, akwai lambobi huɗu na ƙarshe: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 3519, an yi ta a mako na 35 na shekarar 2019. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra sun daɗe suna faɗa wa direbobi cewa taya tana ƙare wa'adinta shekara huɗu daga ranar da aka yi ta, to idan tsofaffin tayoyi suka ba ka, da wane dalili za su karɓi kuɗin sababbi huɗu a hannunka? Shok kuma abu ne mai cinyewa da amfani kamar birki, duk wanda ya ba da mota ta yi shekara biyu tana bin hanyar Kuje ya san ba za ta dawo da shok yadda ta tafi ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Farashin nasu ma na sababbin kaya ne na kwali, alhali mota mai shekara goma sha biyu da kayan Beljiyom ake gyara ta, kuma ko'ina a Apo ko Gudu za a ba ka farashi a rubuce in ka nema. Tambayata ɗaya: a hoton da ka ɗauka, lambar kilomita ta fito? In ta fito, gwada ta da wadda injiniyansu ya rubuta a takardarsa.

Abu Hanan, Kubwa:

Oga, Allah ya saka da alheri. Ban taɓa lura ba sai da ka faɗa. Hotona yana nuna 141,206, takardar injiniyansu kuma mai kwanan watan 7 ga Afrilu ta ce 141,593. Bambancin kilomita 387 ke nan, a motar da ake cewa tana ajiye tun ranar da na kawo ta. Sannan tayoyin baya biyu ni na saye su sababbi a watan Agustan 2024, matata ta binciko mini rasit ɗin a cikin jakar takardun makarantar yara.

Barista Hauwa, Garki:

Malam Abu Hanan, sannu da wannan ɗawainiya. Abin da zan faɗa bayani ne na gaba ɗaya, tunda ban ga yarjejeniyar da idona ba, amma kilomita 387 ɗin nan ta sauya fuskar maganar baki ɗaya. Wannan tazara ta kusa kai mutum Kaduna ta dawo da shi. Sashe na 131 na Dokar Shaida ta 2011 ya ɗora nauyin tabbatar da magana a kan wanda ya yi da'awarta, saboda haka ba kai ne za ka tabbatar ba ka lalata ƙofa ba, su ne za su tabbatar cewa lalacewar tana nan a ranar 28 ga Maris, kuma ba ta nan a ranar da suka miƙa maka motar a 2023. Binciken da aka yi bayan kwana goma, babu kai a wurin, bayan wani ya yi doguwar tafiya da motar a hutun Salla, shaida ce mai rauni ƙwarai a kan halin da ka bar ta. Idan kuma ba su da takardar duba mota ta ranar karɓa wadda ka sa wa hannu, to raunin ya zama biyu.

Kada ka ƙara yin wannan magana ta waya. Rubuta wasiƙa gobe, ka kai da kanka, ka sa a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Ka faɗi a fili abubuwan da ba ka yarda da su ba ɗaya bayan ɗaya, ka ambaci lambobin kilomita biyun, ka nemi kwafin shafin littafin da ka sa wa hannu, da takardar duba mota ta 2023, da hotunansu masu kwanan wata, sannan ka buƙaci kada a taɓa motar da wani gyara har sai an sake duba ta kana tsaye tare da bakaniken da ka zaɓa. Gilashi da ƙwarzanen bamba kuwa ka rubuta cewa a shirye kake ka biya kuɗinsu na gaskiya a cire daga ajiyarka. Wasu suna ganin amsa laifi rauni ne, ni kuwa a abin da na gani a kotu da zauren sulhu, mutumin da ya amsa ƙaramin abu da kansa ana saurin gaskata shi a kan babba. Ƙa'idar diyya ita ce a mayar da mai kaya matsayin da zai kasance da ba a yi masa ɓarna ba, ba a sabunta masa tsohuwar mota da aljihun ɗan haya ba.

Hoton nan kada ka goge shi daga wayar da ta ɗauka, kada kuma ka dogara da wanda ka tura ta WhatsApp kawai, domin na asali shi ne ke ɗauke da rana da lokaci. Sashe na 84 na Dokar Shaida ya yarda da shaidar da ta fito daga na'ura, amma da sharuɗɗa, ciki har da takardar bayanin na'urar da aka yi amfani da ita.

Cekin shi ne wurin da nake so ka yi taka-tsantsan. Akwai dokar 1977 kan cekin da banki ya mayar saboda babu isassun kuɗi, hukuncinta ga mutum ɗaurin shekara biyu ne, kuma da ita masu bin bashi suke tsorata mutane. Ko da yake cekin da aka bayar a matsayin jingina, aka cike shi da adadin da ake jayayya a kansa, ba daidai yake da cekin damfara ba, gara kada a kai ga wannan muhawara tun farko. A cikin wasiƙarka ka rubuta ƙarara cewa ba ka ba da izinin cike shi da kowane adadi ba muddin ana cikin saɓani, ka kuma zauna da lauya kafin ka ba bankinka umarnin dakatar da shi, don a yi abin a tsare. Maganar 'yan sanda kuwa barazana ce: sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 da sashe na 8 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 duk sun hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya ko rikicin ciniki kawai.

In wasiƙa ba ta yi aiki ba, duba ƙarshen yarjejeniyar ko akwai sharaɗin sulhu ko mai raba gardama kafin kotu, domin in akwai, ta nan za a fara. Bayan haka akwai hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, wadda hedikwatarta ke nan Abuja, kuma dokarta ta 2018 a sashe na 127 ta hana sharuɗɗan yarjejeniya na zalunci ko waɗanda suka karkata gefe guda fiye da kima. Akwai kuma zauren sulhu na Babbar Kotun Birnin Tarayya da aka buɗe tun 2003, wanda a ganina ya fi dacewa da rikicin da bai kai miliyan biyu ba, tunda shari'a tana iya cinye fiye da abin da ake faɗa a kai.

Surukinka kuma ka je ka same shi da kanka a daren yau, da wasiƙarsu da hotonka a hannu. Ya fi kyau ya ji daga bakinka kafin takarda ta iso teburinsa a ofis.

Maman Sadiq, Gwarimpa:

Na yi shekara shida a ofishin wani kamfanin hayar motoci kafin in koma kasuwancina, don haka ku yi mini uzuri in faɗi yadda abin yake daga ɗaya ɓangaren teburin. Malam, ban ce kai ma haka ka yi ba, amma mun sha ganin masu kawo mota da yamma liƙis, an wanke ta tana ɗigar ruwa, saboda sun san jiƙaƙƙen fenti yana ɓoye ƙwarzane, kuma su zaɓi lokacin da babu kowa sai mai gadi. Wannan ne ya sa kamfanoni ba sa ɗaukar "lafiyarta ƙalau" ta mai kula da haraba a bakin komai. Kuskurenka na gaske shi ne miƙa makulli ga wanda ba shi da ikon rufe yarjejeniya. Da ka juya da motarka ka dawo bayan Salla, ko da za a caje ka kuɗin kwana biyar, da ya fi maka arha.

Abu biyu nake so ka duba kafin ka ɗauka ka gama cin nasara. Yawancin irin wannan yarjejeniya tana wajabta kai mota sabis a kan lokaci a garejin da kamfani ya amince da shi, kuma in ka tsallake, za su rataya maka duk abin da ya shafi inji da esi. Tana kuma wajabta sanar da su duk wata ɓarna cikin 'yan kwanaki. Motar haya galibi tana da cikakkiyar inshora, ba ta naira 15,000 da ake yi don wanda aka buge kawai ba, saboda haka da ka faɗa musu maganar gilashin a daminar bara, mai yiwuwa inshora ce za ta ɗauki mafi yawan kuɗin. Yanzu lokaci ya wuce, kuma wannan asarar kai ka jawo musu.

Duk da haka, lissafin farko ba shi ne na ƙarshe ba. Abin da aka aiko maka kiyasin gareji ne, ba rasit ɗin aikin da aka yi ba, kuma tun da farashin kayan gyara ya yi tashin gwauron zabi bayan karyewar naira a 2023, ana rubuta shi da hannu a sake. A Ingila ƙungiyar kamfanonin haya ta BVRLA tana da littafin ma'auni da kowa ke komawa gare shi, inda ƙwarzanen da bai wuce milimita 25 ba, kuma bai kai ga ƙarfe ba, ake ɗaukarsa lalacewar yau da kullum. Mu a ofishinmu ma'aunin shi ne idon manaja da yanayin da ya tashi da shi a ranar. Kilomita 387 kuwa ba ni da abin kare su da shi. Wani ya yi yawon Salla da motar, kuma manajan ya san ko wane ne.

Malam Abu Zaid, Nyanya:

Ƙarin bayani kaɗan ta fuskar fiƙihu. A mazhabarmu ta Malikiyya, abin haya amana ne a hannun wanda ya karɓa, ba ya lamunin abin da ya lalace sai in ya yi ta'adi ko sakaci, kuma hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa a kan wanda ya musanta. Tsakuwar da tifa ta watso ba ta'adinka ba ce a asali, amma barin tsagar tana tafiya wata da watanni ba ka sanar da masu motar ba, in har sharaɗi ya ce ka sanar, wannan yana shiga babin sakaci, musulmi kuwa suna kan sharuɗɗansu. Ka biya wannan da daɗin rai, ka tsaya a kan sauran.

Abu Hanan, Kubwa:

Na gode muku duka, ga inda aka kwana. Na je wurin surukina a daren kamar yadda Barista ta ce. Ya karanta wasiƙar sau biyu, ya ce da ni in da na zo masa da yarjejeniyar tun 2023 da bai bari na bar ceki babu adadi ba, sannan ya sa aka kawo mini abinci. Washegari na kai wasiƙata aka buga hatimi, bayan kwana huɗu suka yarda a sake duba motar.

Na tafi da wani mai gyaran bodi daga Apo. Ya ɗora maganaɗisu a ƙofar gaba ya kama, ya matsa da shi zuwa ƙasan ƙofar baya, sai ya sulale ya faɗi a ƙasa a gaban manajan da injiniyansa. Ya sa farcen babban yatsa ya ɓanɓaro ɗan wurin da ya dare, ga fila mai kaurin ƙwandala, ga jan tsatsa a bayanta. Tayoyin gaba na shekarar 2019 ne, na baya kuma na nuna rasit ɗina. Da na kawo maganar kilomita, manajan ya ce an fita da motar gwaji ne. Na tambaye shi wane irin gwaji ne ke cin kilomita 387 da rabin tankin mai, sai ya ce mu shiga ofis.

Sun janye ƙofa da tayoyi da shok. Gilashi mun tsaya a naira 95,000 bisa farashin da na kawo a rubuce daga shaguna biyu, fentin bamba kuma naira 45,000. Kwamfuresar ce ta rage, kuma a nan maganar Maman Sadiq ta same ni, domin a shekara ta biyu sau biyu na yi sabis a wurin bakanikena na Kubwa maimakon garejinsu, ba ni da takarda ko ɗaya. Ni na ce esi yana aiki ranar da na kawo ta, su sun ce babu mai shaida, ni kuma na ce babu mai shaidar cewa ba a hanyar gwajin nasu ya mutu ba. Sun nemi mu raba kuɗin biyu, naira 75,000 kowanne, in haka ta tabbata za su dawo mini da naira 185,000 daga ajiyata. Zuciyata ba ta so, amma ina ganin zan karɓa.

Cekin yana hannunsu har yanzu, sun ce sai ranar Litinin in na sa hannu a takardar rufe yarjejeniya. Barista, don Allah wane lafazi zan tabbatar yana cikin takardar don a sauke surukina daga lamuni gaba ɗaya, kuma in karɓi cekin a hannuna kafin in sa hannu ne, ko ya isa a rubuta cewa an soke shi?